Ko matakalar kifi za ta dawo da kifin Kainji da Jebba?

Tambaya: Wani Alhaji mai sana'ar kifin banda a nan Legas, wanda kayansa ke zuwa daga Yawuri da New Bussa da Jebba, ya ce manyan faliya da burdo da shemani sai raguwa suke yi a cikin kwalayen da ake aiko masa, kuma masuntan can sun ɗora laifin a kan dam. Ya ji cewa a ƙasashen waje ana gina wa kifi matakala a jikin dam don ya haura. Shin da gaske tana aiki? In an gina irinta a Kainji da Jebba, ko a dam ɗin Oyan da ke kusa da mu, kifi zai dawo?

Amsa: Alhaji, da gaske ne ana ginata, kuma a wasu wuraren tana aiki sosai. Amma a kan dogon dam mai babban tafki a bayansa, irin Kainji, ba ita ce maganin ba. Ko an kashe mata biliyoyin naira, abin da za ta dawo da shi kaɗan ne. Inda take biyan kuɗinta shi ne ƙananan shingayen ruwa masu tsayin mita biyu zuwa shida. Shi kuwa kifin namu, abin da ya fi rasawa shi ne cikowar damina da fadama, ba matakala ba.

A fara da tafiyar kifin, domin duk wanda bai fahimce ta ba zai gina abin da kifi ba zai shiga ba. Tafiya iri biyu kifin Neja da Binuwai yake yi. Akwai hawan kogi, wato da ruwan farko ya sauko burdo da shemani da kawara da tsage su juya kai sama suna neman inda za su zuba ƙwai, wasu a yi ta tafiya ɗaruruwan kilomita. Akwai kuma fita gefe: kogi ya cika ya malale fadama, tarwaɗa da faliya da bargi da yauni su bi ruwan zuwa cikin ciyawa su hayayyafa, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya, in ruwa ya fara ja su dawo kogi. Kainji, da aka kammala a 1968, ya tare tafiya ta farko da bango. Ta biyun kuma ya rage ta ta wata hanyar, domin ruwan da a da yake malale fadamun ƙasa yanzu a tafki ake riƙe shi, a riƙa sakinsa gwargwadon buƙatar wuta. Aka zo aka ƙara Jebba a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, sai Zungeru daga baya, ga Lagdo na Kamaru a kan Binuwai tun 1982. Matakala, ko da ta fi kowace kyau a duniya, tafiya ta farko kawai take taɓawa.

Ita matakalar kanta ba wani abin mamaki ba ce. Doguwar kwata ce ta kankare da aka rarraba ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ruwansa ya ɗara na ƙasa da shi tsayi da ɗan kaɗan, ta yadda maimakon kifi ya fuskanci faɗuwar ruwa ta mita biyar a lokaci guda, sai ya fuskanci ƙanana talatin ko hamsin. Tsohon samfuri shi ne wanda ruwa ke zubowa ta saman kowace katanga. An ƙera shi ne don salmon, kifin Turai da Amurka mai ƙarfin tsalle, shi ya sa ake barin tazarar santimita 30 tsakanin ɗaki da ɗaki, kamar yadda aka yi a manyan dam-dam na kogin Kolombiya tun daga Bonneville a 1938. Wannan samfurin ne aka kwaso aka dasa a ƙasashe masu zafi, kuma shi ne tushen yawancin asarar da aka yi. Ƙurungu ba ya tsalle. Ragon ruwa da warushe a ƙasa suke tafiya, cikinsu na shafar laka. Katangar da sai an haura ta sama, a wurinsu bango ce kawai.

Samfurin da ya fi dacewa da mu shi ne mai tsaga a tsaye: kowace katanga an bar mata tsaga daga sama har ƙasa, kifin sama ya bi ta sama, na ƙasa ya bi ta ƙasa, kuma ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu da mita ɗaya ko biyu tana ci gaba da aiki. Ga lissafin da ya kamata duk mai duba zanen irin wannan aiki ya riƙe a ka. Gudun ruwa a cikin tsagar ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin ɗakuna biyu. Tazarar santimita 30 tana ba da gudun kusan mita 2.4 a daƙiƙa. Ta 20 kusan mita 2. Ta 15 mita 1.7, ta 10 mita 1.4, ta 5 kuwa kusan mita 1. Ga kifin da ba salmon ba ana tsayawa tsakanin santimita 10 da 20. A Ostareliya, bayan sun sha kashi da samfurin Turai, sai da suka sauko ƙasa da 10 a wasu kogunan saboda ƙananan kifi. Faɗin tsaga ana auna shi da ƙaton kifin da ake son ya wuce, ba matsakaici ba. Santimita 30 ta ishi burdo da ragon ruwa, amma giwan ruwan da ya haura mita ɗaya yana buƙatar 45 zuwa 60. Tsawon ɗaki ya zama ninki takwas zuwa goma na faɗin tsagar. A shimfiɗa duwatsu a ƙasa, kauri kamar santimita 20, domin a tsakankaninsu ruwa yake lafawa, nan ne ƙananan kifi da jatan lande suke rarrafawa.

Sai tumbatsar ruwa a cikin ɗakin, wadda ake yawan mantawa da ita. In ruwa mai yawa yana faɗawa ƙaramin ɗaki, sai ya riƙa juyawa kamar tukunya a kan wuta, kifi ya rasa gabas da yamma. Ana auna wannan da wat a kowace kubik mita: salmon yana jure 200, sauran kifi kada a wuce 150, ƙanana kuma a sauko ƙasa da 100. Misali, tsaga mai faɗin santimita 30, zurfin ruwa mita ɗaya, tazara santimita 15, za ta ɗauki ruwa kusan kubik mita 0.36 a daƙiƙa. In ɗakin mita 3 ne a tsawo, 2.4 a faɗi, tumbatsar tana kusan wat 74. Wannan ɗaki ne mai kyau. Ɗan kwangila ya rage tsawon da faɗin don ya ci ribar siminti, lissafin ya ninka, kuma ba wanda zai gane da ido.

To a ɗauki wannan zanen a kai shi Kainji. Tsakanin ruwan tafki da na ƙasan dam akwai tazarar da ke kaiwa kusan mita 40. A raba da santimita 15, ɗakuna 267 ke nan; kowane mita 3, tsawo mita 800, ba a sa manyan ɗakunan hutu ba. In aka sauko santimita 10 don ƙananan kifi, ɗakuna 400, kilomita ɗaya da ɗoriya. Ginawa ba gagara ba ce, Barazil ta yi wanda ya fi haka: a dam ɗin Itaipu sun buɗe wata hanya a 2002 mai tsawon kusan kilomita 10 da ke hawa mita 120. Matsalar ita ce kowane ɗaki yana zubar da wasu. Ko da kifi ɗaya cikin ɗari biyu ne ke karaya ya juya a kowane mataki, kafin a kai na 267 kusan kashi uku cikin huɗu sun koma. Wasu kuma su tare a tsakiya su mai da wurin gida, manyan maciya kifi su tsaya a ɗakunan hutu suna kiwo. Ga tafkin Kainji yana sauka kusan mita 10 a shekara kafin farin ruwa, wato cikowar damina, ya sake cika shi, don haka mafita guda ba ta isa ba. Sai an yi ƙofofi da yawa hawa-hawa, da mutumin da zai riƙa buɗe wannan yana rufe wancan.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin da ke kashe matakala ba. Babban shi ne bakinta na ƙasa. Kifin da ke hawan kogi ba ido yake bi ba, ƙarfin ruwa yake bi, yana tura kai inda ruwa ya fi zuwa har ya ƙure. A dam ɗin wuta wannan wurin shi ne mafitar injina. In injina suna sakin kubik mita 1,500 a daƙiƙa, ita kuma matakalar tana ɗigo da 0.36, ai bai kai kashi ɗaya cikin dubu huɗu ba. Kamar mutum ne ya tsaya yana raɗa a tsakiyar kasuwar Mile 12 ta Legas ranar da motocin tumatir suka iso. Don haka ƙa'ida ta ce a ƙara ruwan kira a bakin matakalar, daga kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na ruwan da ke gasa da ita, wasu ma suna cewa 10. Ana kawo shi ta bututu dabam, a sake shi ta cikin raga a ɗakin ƙarshe, ya fita da gudun mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Kuma bakin ya zauna daidai inda kifi ke taruwa, a jikin gaɓa, gab da mafitar injina. In ya yi ƙasa da mita hamsin ko ɗari, kifin zai wuce shi ya je ya yi ta dukan bango. Yanzu a duba kuɗin: kashi 5 na 1,500 kubik mita 75 ne, wanda in ya bi ta inji a faɗuwar mita 35 zai ba da wuta fiye da megawat 20. A ƙasar da ake rabon wuta kamar rabon naman layya, kowa ya san wane famfo za a fara rufewa ranar da ruwa ya yi ƙasa.

Ga dogayen dam, shi ya sa injiniyoyi sukan bar matakala su koma lifta. Ana jan kifi da ruwan kira zuwa wani ɗaki, raga ta tura su cikin babban bokitin ƙarfe, a ɗaga shi sama a juye a wata kwata da ke kaiwa tafki. Lokacin cinkoso a yi sawu duk bayan minti goma sha biyar ko talatin. Akwai irinta a Holyoke a kogin Konetikat na Amurka, da Golfech a kogin Garon na Faransa. Akwai kuma kulle irin na jiragen ruwa, inda ake rufe ƙofar ƙasa a cika ɗakin da ruwa, da kuma kama kifin a tarko a kai shi sama da tanka. Dukkansu suna rage wa kifi wahala, amma inji ne: waya, mota, ƙofofi, raga. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta addabi Kainji da lagun ɗin Legas tana iya toshe raga cikin yini guda. Lifta ta lalace mako uku a watan da kifi ke hawa, shekarar ta tafi, domin kifin da ya daɗe yana jira a ƙasan dam ƙwansa yakan narke a cikinsa. Kainji da Jebba suna da kullen jiragen ruwa, kuma a wasu ƙasashen ana buɗe irinsa musamman don kifi a lokacin hawa. Wannan gwaji ne mai araha da ya cancanci a yi kafin a zuba sabon kankare.

A ce ma an yi nasara, kifin ya haura. Ina ya shiga? A Kainji, tafki ne mai tsawon fiye da kilomita 130, ruwa a kwance, babu igiyar da za ta nuna masa hanya. Wanda ya kai kogin sama ya zuba ƙwai, in irin wanda ƙwansa da ƙananan 'ya'yansa ke bin ruwa ne, da sun iso tafki ruwan ya tsaya sai su nutse zuwa ƙasa inda babu iska, ko ƙananan kifi su cinye su a ruwa mai haske. Manyan kuma ba sa samun bakin matakalar ta sama, domin mai gangarowa babban ruwa yake bi, babban ruwa kuwa cikin inji yake shiga. Injin Kaplan da danginsa masu farfela, irin na Kainji da Jebba, yakan kashe kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na ƙananan kifi. Injin Francis irin na Shiroro daga kashi 5 har zuwa 90, gwargwadon girman kifin da gudun injin. Kifi ya fi tsawo, farfela ta fi samunsa. Ban da sara akwai sauyin matsi da ke fasa jakar iskar cikinsa. Maganin a ƙananan tashoshi shi ne raga mai tazarar santimita 2, a karkace, ruwa yana isowa gare ta da gudun da bai kai rabin mita a daƙiƙa ba, da wata kwata a ƙarshenta da za ta zagaye da kifin. A ruwa mai yawan na Neja girman ragar da kuɗin share ta sun wuce hankali.

Masanan Barazil sun faɗi wannan da babbar murya. A 2008 biyu daga cikinsu, Pelicice da Agostinho, suka nuna cewa matakala tana iya zama tarko: ta kwashe iyayen kifi daga ƙasan dam inda har yanzu akwai fadama da rassan kogi, ta kai su sama inda babu, kuma ba dawowa. A irin wannan hali gara ma a rufe ta. Wani nazari na 2012 da ya tattara sakamakon ayyuka da yawa ya samu cewa a hawa sama, dangin salmon kusan kashi 62 cikin ɗari ne ke wucewa, sauran kifi kuwa kusan 21. A ɗora wannan a kan dam biyu a jere kamar Jebba da Kainji: cikin kifi ɗari da suka taso daga wajen Lokoja, huɗu ne za su ga Yawuri. A Tailan an yi wa dam ɗin Pak Mun na 1994 matakala irin ta salmon, masunta suka yi ta zanga-zanga shekara da shekaru, a ƙarshe abin da gwamnati ta koma yi shi ne buɗe ƙofofin dam ɗin wata huɗu a damina. A kan Nejan nan tamu ma akwai darasi: shingen Markala na Mali, da aka gama a 1947, yana da matakala, tsayinsa 'yan mitoci ne kawai, amma ta yi wa dandazon ƙananan kifin da ake kira tineni kaɗan, sai su taru a ƙasansa masunta su yi ta kwasa. A nan ƙasashe masu zafi yawa ma matsala ce. Kifi iri-iri masu yawa ne ke isowa a lokaci guda, ba iri ɗaya ba.

Mu dawo gida. Kogin Ogun a lagun ɗin Legas yake ƙarewa, kuma akwai halittun ruwa masu tafiya tsakanin ruwa mai zartsi da ruwan daɗi. Obokun ɗin da ake rububi a kasuwar Epe, wanda ɗan'uwan warushe ne, yana shiga koguna da damina. Wanda ya fi jan hankali shi ne jatan landen kogi, ede a bakin Yarabawa. Tsutsarsa ba ta rayuwa sai a ruwa mai zartsi, don haka sai ta gangaro lagun ta girma, sannan ƙananan su hau kogi da ƙafa, da dare, ta gefen ruwa. Aka tare hanya, sama ta ƙare da jatan lande. An ga haka a kogin Sanagal bayan dam ɗin Diama na 1986: jatan landen ya ɓace a sama, dodon koɗin da yake ci ya yaɗu, tsargiya ta ɓarke a yankin Richard Toll irin wadda ba a taɓa gani a can ba. Ƙauyukan bakin tafkin Oyan da ke kan wani reshen Ogun, wanda aka buɗe a 1983 don ruwan Legas da Abekuta, su ma sun daɗe suna fama da tsargiya. Hanyar jatan lande kuwa ita ce mafi araha a duk wannan fanni: gangaren kankare mai kaushi, ko a shimfiɗa masa tsohuwar raga, ruwa siriri da bai wuce kaurin yatsa ba yana bi ta kai dare da rana, kuma kada a kafa fitila a kansa domin haske yana korarsu.

Oyan dogo ne, abin da muka faɗa a kan Kainji ya shafe shi, sai dai a ƙaramin sikeli. Inda ya kamata a sa kuɗi a yankinmu shi ne ƙananan abubuwan da ba a ƙirgawa: shingayen wuraren ɗibar ruwan famfo, ƙofofin noman rani, da kwalbatocin titi da aka ɗora sama da gadon rafi har ruwa yana faɗowa daga bakinsu. Kwalbati mai faɗuwar rabin mita ya ishi ya raba tarwaɗa da fadamarta. Gyaransa a binne ƙasansa cikin gadon rafin, ya yi faɗin rafin, a bar yashi da tsakuwa su kwanta a ciki. Shinge mai mita biyu ko uku kuma ba ya buƙatar ɗakunan kankare. Gangaren duwatsu ya isa, ko a haƙa ƙaramin rafi ya zagaye shi, a kwance sosai, faɗuwar mita ɗaya a kowace mita 20 zuwa 30 ko fiye, da manyan duwatsu jefi-jefi don hutu. Abin da ke lalata shi abu uku ne: duwatsun su yi ƙanana ambaliya ta tafi da su, ruwan rani ya sulale ta ƙarƙashinsu saman ya bushe saboda ba a cike tsakaninsu da tsakuwa ba, ko gindin gangaren ya zaizaye ya zama sabon mataki. Akwai kuma samfurin Denil, kwata mai haƙarƙari a ciki da wani injiniyan Beljiyam ya ƙirƙiro. Yana da araha kuma yana ɗaukar gangare mai tsauri, amma shara tana toshe shi da wuri, ƙananan kifi kuma ba sa jin daɗinsa.

Ga manyan dam ɗin da aka riga aka gina, abin da ya fi matakala amfani shi ne yadda ake sakin ruwa. Masana kamun kifi na kogunan Afirka sun daɗe da lissafa cewa hekta ɗaya ta fadama da ruwa ya malale tana ba da kifi kilo 40 zuwa 60 a shekara, kuma kamun bana yana bin girman cikowar bara da ta bara waccan. Dausayin Haɗeja da Nguru shaida ne: bayan Tiga a 1974 da Challawa a 1992 cikowa ta ragu, ruwa ya koma ɗan kaɗan duk shekara, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. A Kamaru an ga akasin haka. Dam ɗin Maga na 1979 ya busar da fadamar Waza da kogin Logone, da aka sake buɗe wata mashigar ruwa a 1994 ciyawa da kifi suka fara dawowa. Sakin da ke amfanar kifi yana da siffa: ya zo a lokacin da cikowa ta saba zuwa, ya hau a hankali, ya zauna a fadama makonni shida zuwa takwas ko fiye don 'ya'yan kifi su yi ƙwari, sannan ya ja a hankali don kada su maƙale a kududdufai. Irin sakin da mutanen Isheri da Kara da Agiliti suka sani, wato a riƙe ruwa har tafkin Oyan ya cika maƙil sannan a buɗe ƙofofi a Satumba ko Oktoba, ba shi ake nufi ba. Wannan yana cin gidaje, kifin ma bai amfana ba. A tashar wuta kuma akwai kunna injina da kashe su gwargwadon buƙatar wuta, ruwan ƙasan dam ya hau ya sauka cikin sa'o'i, ƙwai da ƙananan kifi su bushe a kan yashi. Ƙa'idar da za ta iyakance saurin saukar ruwan ba ta buƙatar bulo ko ɗaya. Wata matsalar kuma ita ce ruwan da ake ja daga can ƙasan tafki da bazara, wanda ba shi da iskar oksijin har yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Sannan a bar wa kowane babban kogi rassan da ba a datse ba. Reshe guda mai gudana a ƙasan dam yakan riƙe irin kifin da matakala goma ba za su riƙe ba.

Doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta ce wanda aka ba izinin datse ruwa ya yi wa kifi matakala, dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta wannan shekarar kuma ta wajabta a baje rahoton babban aiki jama'a su duba su yi magana. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, akwai ta teku a nan Victoria Island. In ƙungiyarku ta 'yan kifi ta samu zama a irin wannan taro, kada ku tsaya a kan ko akwai matakala a zane. Ku tambayi wane kifi aka auna ƙarfin iyonsa kafin a zana ta, kubik mita nawa aka ware wa ruwan kira kuma ko an rubuta shi a lasisin kamfanin, ta ina kifin zai sauko, wa zai biya kuɗin share ta bayan shekara biyar. Ku tambayi yadda za a auna ta. Hoton kifi dubu a tarkon sama ba hujja ba ce, in dubu ɗari ne suka taru a ƙasa. Awon gaskiya shi ne a sa wa kifi 'yar alamar lantarki mai tsawon milimita 12 ko 23 a ciki, a sake shi a ƙasan dam, na'urori a baki da tsakiya da mafita su nuna nawa suka samu bakin, nawa suka shiga, nawa suka fita, kwana nawa suka ɓata.

Wani ɓangaren kuma yana hannunku, Alhaji. Duk inda aka tare kifi, nan masu ragar birgi da ta kalli suke taruwa, kuma matakalar da ba a tsare ba gura ce, wato tarkon kifi, ta kankare da gwamnati ta gina wa mai ƙarfin hali. Sai an zauna da sarkin ruwa da Sarkawan wurin an shata 'yan ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa da ba a jefa koma, musamman daga faɗuwar ruwan farko zuwa tsakiyar damina. Ƙa'idar idon kalli inci 3 ce, amma ragar dala mai ido kamar gidan sauro da shingen dumba da ke tare bakin fadama lokacin da ruwa ke ja suna kwashe faliyar da ba ta kai tafin hannu ba. Waɗannan su ne ake bandawa a cika ƙasan kwali da su, kuma muddin dillalan Legas suna biyan kuɗinsu za a ci gaba da kamo su. In ku da kuke sayen kwali ɗari-ɗari kuka haɗa baki kuka sa mafi ƙarancin girman da za ku karɓa, saƙon zai isa Yawuri a motar da ta koma.